Daga Gummi Zuwa Kujerar Alƙalin Alƙalai

Duk wanda ya zauna da ma'aikatan ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum ya san zancen da ya fi yawa a bakinsu shi ne ƙarin girma, wato wa aka ɗaga, wa aka tsallake, alhali kuwa a ƙasar nan tasu aka haifi mutumin da tarihin aikinsa ya isa hujja a kan wannan mas'ala, Shehu Abubakar Mahmud Gummi, Allah ya jiƙansa.

Ɗan alƙali ne, ya fara karatu a gaban mahaifinsa, ya wuce Midil ta Sakkwato, daga nan sai Makarantar Shari'a ta Kano. Da ya fito kuwa, ba kujera aka miƙa masa ba, alli aka ba shi, ya koyar a Maru zamanin da Malam Aminu Kano yake can. Bayan ƙarin ilimi a Sudan sai aka tura shi Jidda kula da alhazai, aikin da wani zai ɗauka an kawar da shi daga hanya ne, amma can ya ƙara gogewa da Larabci da mu'amalar manya, har Sardauna ya jawo shi jiki, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962.

Abin lura a nan, wanda masu kwaɗayin muƙami ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne abin da ya biyo bayan rarraba Jihar Arewa a 1967. Hukumar da ta ɗaukaka shi ta kau, amma da yake jarinsa ilimi ne, tafsirin da yake yi a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, wanda rediyo ke yaɗawa, da tarjamar Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa, sun kai sunansa inda hukuncin kotu bai taɓa kai shi ba, har aka ba shi lambar Sarki Faisal a 1987. Ko waɗanda suka saɓa masa a fahimta, kuma suna da yawa, ba su ce bai yi karatu ba.

Garin Gummi dai bai daina ba da misali ba: a 2013 Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi ya ajiye shugabancin Babbar Kotun Abuja, ya komo gida ya zama Sarkin Mafaran Gummi.