Inda Kuɗin Medicaid Suka Bi, Nan Naƙasasshe Yake Kwana

A shekarar 1981 akwai wata yarinya a jihar Iowa ta Amurka, Katie Beckett, wadda ta shafe kusan shekara uku a asibiti. Tun tana jaririya ciwon kumburin ƙwaƙwalwa ya kama ta, sai da na'ura take numfashi. Likitoci sun yarda a kula da ita a gida, iyayenta ma haka suke so. Dokar Medicaid ce ta tare hanya: muddin tana kwance a asibiti gwamnati na biya, da ta koma gida kuwa sai a lissafa albashin iyayenta, a ce ba ta cancanci tallafi ba. Alhali jinyar gida ta fi ta asibiti arha nesa ba kusa ba. Sai da Shugaba Ronald Reagan ya sa baki aka sallame ta.

Tushen matsalar yana cikin tsarin Medicaid kansa, shirin lafiyar masu ƙaramin ƙarfi da aka kafa a 1965, wanda gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa. Doka ta wajabta wa kowace jiha biyan kuɗin gidan jinya ga baligin da ya cancanta. Amma yawancin hidimar cikin gida, wato mai taya wanka, girki, ko raka mutum wurin aiki, ganin dama ce. Izinin da aka ba jihohi a 1981 na su kashe kuɗin a cikin unguwa ya zo da damar ƙayyade yawan masu amfana, kuma daga nan layin jiran gurbi ya samo asali.

A 1999 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Olmstead, wadda wasu mata biyu daga jihar Georgia suka shigar, cewa killace naƙasasshe a cibiya ba bisa dalili ba wariya ce. Hukuncin ya yi tasiri. A 2013 kuɗin kulawar gida da unguwa suka zarce na cibiyoyi a karon farko. Sai dai kotu ba ta rubuta kasafin kuɗi. A 'yan shekarun nan mutum wajen 700,000 ne ke jiran gurbi, akasarinsu masu naƙasar ƙwaƙwalwa, wasu shekara da shekaru.

Wanda ya samu gurbin ma bai huta ba. Farashin da jihohi ke biya shi ke yanke albashin masu hidimar, kuma da yawansu na barin aikin su koma kantuna inda ake biya fiye da haka. Idan ma'aikaciya ba ta zo ba, uwa ce ke ajiye nata aikin ta zauna.