Furen Da Ya San Bazarar Kano

Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma karin maganar ya tona matsayin fure a idonmu: abin kallo ne da ba ya shiga tukunya. Wanda ya taka daga bakin Kantin Kwari a Fagge har ya faɗa layukan Sabon Gari, su France Road da New Road, zai ga shaguna da benaye da janareta, amma sai ya yi sa'a kafin ya hango fure a baranda. In aka tambayi mutanen gidan, amsar ba ta wuce biyu: ruwan sha ma sai an tare ɗan garuwa, sannan an taɓa gwadawa shukar ta mutu. Sai dai idan aka bi diddigin mutuwar, sau da yawa ba ƙishirwa ba ce. An sayo shukar da ba ta san ƙasar nan ba, aka kuma yi ta ɗura mata ruwa har saiwarta ta ruɓe.

Ruwan sama a Kano na watanni huɗu ne ko ɗan fiye, daga wajen Yuni zuwa Satumba, Agusta ne tsakiyarsa. Daga nan sai rani mai tsawo, hunturu ya zo da ƙura da busasshiyar iska, bazara ta biyo baya a Maris da Afrilu da zafin da kan haura maki 40. Sabon Gari, wadda aka yanka filayenta wajen 1913 bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, yau kusan duk tsakar gidajenta siminti ne, shi kuwa siminti yini yake yana shan rana, da dare ya amayar da ita. Furen wardi da ke walawa a Jos, inda tsayin tudu ya haura mita 1,200, wahala yake sha a irin wannan tsakar gida. Mai sayar da shuka a bakin titi yana ajiye kayansa ƙarƙashin inuwa, yana yayyafa musu ruwa safe da yamma, shi ya sa suke ɗaukar ido. Mai saye kuma ya kawo shukar gida a baƙar leda, ya aje a barandar da ke kallon yamma, ledar ta ɗauki zafi ta dafa saiwar. Ganye ya yi yaushi, sai ya zaci ƙishi ne, ya ƙara ruwa.

Alhali muna da furen da aka haifa don wannan yanayi. Kariya, wadda sunanta ya kusa zama ɗaya da ƙaryar karin maganar nan, 'yar asalin Sahel ce. Gindinta kumburarre ne kamar tulu, a cikinsa take adana ruwa, kuma a tsakiyar rani, lokacin da ta kaɗe ganyenta komai ya yi fari fat da ƙura, sai ta fesa fure ja-ja mai fari a ciki a kan tsiraran rassa. A Tailan da Taiwan masu lambu sun mayar da ita sana'a, suna haɗa irinta suna fitarwa ƙasashen duniya, mu kuwa da take fitowa a dajinmu mun bar wa shingen gona. Aibinta ɗaya, kuma ba ƙarami ba: ruwan da ke fita in an yanke ta dafi ne, har maharba sun yi amfani da shi a kan kibiya, don haka wurinta inda hannun yaro da bakin akuya ba sa kai. Lalle ma haka yake da juriya. Ganyensa muka sani, amma ƙananan fararen furanninsa suna da ƙamshin da kan cika tsakar gida da magariba. Daga baƙi kuwa babu kamar bugenbiliya, 'yar Kudancin Amurka da ake gani tana zubowa kan katangun Nassarawa da Bompai. Abin da ke ba da launin nan ganye ne mai kama da takarda, ainihin furen ɗan fari ne a tsakiya, kuma in an cika mata ruwa da taki ganye kawai za ta yi, sai ta ɗan ji ƙishi take yin ado.

Bayan zaɓe sai mazubi. Tukunyar ƙasa ta fi roba, domin tana tsattsafo kamar randa, tana sanyaya saiwa. Bokitin fenti ko yankakkiyar jarka ma sun yi, muddin an huda gindinsu an zuba 'yan fasassun kasko kafin ƙasa. A haɗa yashi da ƙasar gona da takin tumaki ko awaki wanda ya kwana biyu ya ruɓe ya daina wari. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙona shuka yake. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a Kano, garin da manoman karkara suka daɗe suna kwasar takinsa da tokarsa a mangalar jaki zuwa gona. Kafin a ba da ruwa a cusa yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu: in da danshi, a bar ta sai gobe. Lokacin bayarwa da sassafe ne ko bayan la'asar, a gindi, ban da tsakar rana.

Mai ƙorafin tsadar ruwa yana da gaskiyarsa, ba wanda zai ce a sayi jarka don fure a gidan da ake lissafin ta wanka. Amma gidan da ake alwala sau biyar a rana, ake wanke shinkafa da kayan miya, yana zubar da ruwan da ya ishi tukwane uku ko huɗu na irin waɗannan shuke-shuke. Aikin kawai a tara shi a kwano maimakon ya bi rariya. Ruwan wanki mai omo ko bilic ne kaɗai ba ya yi, gishirinsa na taruwa a tukunya. Batun sauro kuma, a cikin ruwa mai kwanciya yake ƙwai, cikin kwana bakwai zuwa goma ya tashi. Tukunya mai huji ba ta tara ruwa. Farantin da wasu ke sa mata a ƙasa shi ne matsalar, a riƙa juye shi. Kwatar da ta toshe a bakin layi ta fi duk furen unguwa haifar sauro. Maciji kuwa duhuwa da ɓera yake bi, tukunya huɗu a kan siminti ba su ba shi ko ɗaya.

Saura mai cewa abin da ba a ci ɓata lokaci ne. Shi sai a nuna masa yakuwa: furenta ruwan ƙwai ne mai ja a ciki, in ya faɗi jan kofin da ya bari shi ne zoɓon da manoman Jigawa ke nomawa ana kai shi har Meziko. Zogale na fure fari, ga ganye na kwaɗo. Ɗan haya ma ba shi da asara, ranar tashi tukunyarsa na shiga a-kori-kura tare da katifa. Kuɗin farawa kusan babu, domin kariya da lalle da bugenbiliya duk suna kamawa daga reshe. A roƙi maƙwabci yanki mai tsawon taƙi guda daga reshen da ya ƙosa, a farkon damina, a dasa a inuwa har ya yi toho kafin a fitar da shi rana. Na kariya kaɗai ake barin bakin yankan ya bushe kwana uku ko huɗu kafin ya taɓa ƙasa.