An Cire Maɗaciya, Ido Ya Yi Ruwan Ɗorawa: A Ne Ko E?

Yau zancen maɗaciya za mu yi, musamman saboda 'yan uwanmu masu sikila, don su tsakuwa ta fi taruwa a maɗaciyarsu har sai an yi tiyata an cire ta.

Cire ta ba matsala ba ne, mutum na rayuwa lafiya lau ba ita. Matsalar tana ga bututun da ke kai ruwan ɗaci daga hanta zuwa hanji. Yana manne da wurin aikin, wani lokaci a yanke shi ko a ɗaure shi bisa kuskure. Ba kasafai ba ne, amma har a Amurka yana faruwa.

A 1995 wani likita a can, Steven Strasberg, ya kasa raunin gida biyar, daga A zuwa E. A shi ne mai sauƙi: ƙaramin bututu ke yoyo, galibi ana zura na'ura ta baki a sa ɗan bututun roba, ba a sake buɗe ciki. B da C reshe ne na ɓangaren dama na hanta, an ɗaure shi ko an yanke an bari yana zuba. D, an tsaga gefen babban bututun.

To E fa, nan ake yin ta. Babban bututun ne kacokan ya yanke ko ya toshe. Shi ma an kasa shi biyar, bisa tsarin da Henri Bismuth na Faransa ya fitar a 1982: gwargwadon kusancin raunin da hanta, gwargwadon wuyar gyara. Sai an ɗinke bututun kai tsaye da hanji, kuma gyaran farko ya fi kamawa, shi ya sa hannun ƙwararre ake nema.

Abin da ke damu na, mu a Tambuwal da Kebbe, da ido ya yi ruwan ɗorawa sai a ce shawara ce, a haɗa jiƙo. Don Allah, in bayan wannan tiyata ne, ga zazzaɓi, ga ciwon ciki, fitsari ya yi duhu, jiƙo ba ya ɗinke bututu. A koma wurin likitan da ya yi aikin. Ku tambaye shi cikin ladabi: “Likita, an taɓa bututun? Wane harafi ne?” Ku ce ya rubuta a takarda. Da takardar nan za ku kama hanyar Sakkwato, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.