KITSEN JIKI DA ƘARFIN ƘASHI: ME YA HAƊA SU?



A Suratu Maryam, Annabi Zakariyya (AS) ya kai kukansa ga Allah cewa ƙashinsa ya yi rauni saboda tsufa. Yau ma a gidajenmu, sai ka ga dattijuwa ta ɗan zame a banɗaki, shi ke nan ƙugu ya karye. Wannan ita ce zaizayar ƙashi: ƙashi ya koma kamar icen da gara ta ci. Ba ta ciwo, sai an karye ake ganewa.

To ina ruwan kitse? Ashe kitse ba ajiya ba ne kawai, yana zuba sinadarai cikin jini. Akwai leptin, wanda aka gano a Amurka a 1994, yana ƙaruwa idan kitse ya ƙaru. Akwai kuma adiponektin, shi ya fi yawa a jikin siriri. Bincike ya nuna masu yawan adiponektin, musamman matan da suka daina al'ada, ƙashinsu ya fi rashin ƙwari. Sannan bayan ɗaukewar al'ada, kitse ne ke samar da ɗan sinadarin estirojin mai kare ƙashi. Shi ya sa rama sosai haɗari ce ga iyayenmu mata.

Amma kar a ce to bari a tara teɓa. Kitsen tumbi yana riƙe bitamin D, ya hana jiki morarsa sosai, ga ciwon suga da hawan jini a biye.

Babbar musiba ita ce ƙwayoyin ƙiba, su "sha ka fashe". Wanda duk aka haɗa da dexamethasone, fuska za ta cika, tumbi ya fito, ƙashi kuwa yana zaizayewa a ɓoye. Mai gida, ka lura da abin da iyalinka ke sha. Wadda ta daɗe a kai kar ta yanke lokaci guda, ta je likita ya rage mata a hankali.

Mafita ita ce tsaka-tsaki, kamar yadda addini ya hana almubazzaranci a ci da sha. A riƙa shan nono da kindirmo, a ci zogale, riɗi da ƙananan kifi da ƙayarsu. A sha hantsi a tsakar gida, a riƙa tattaki. Idan Hajiya ta fara ranƙwafawa ko tsawonta ya ragu, a kai ta asibiti a duba ƙashinta.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. A tura wa 'yan uwa.