Naƙuda: kada kunya ta hana mu zuwa likita

A da can idan aka tambayi maigida me ya hana shi kai matarsa likita, sai ya ce babu kuɗi. Wannan hujja ta yi rauni yanzu. A 2005 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin aikin ciro jariri. A 2006 awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 suka zama kyauta. A 2024 kuma aka yafe kuɗin haihuwa a likitocin gwamnati.

Duk da haka, a ƙauyukan Arewa, daga Matankari har Kore Mairuwa, mata da yawa a ɗaka suke haihuwa. Me ya sa?

Mun san kunyar haihuwar fari. Yarinya tana jin ciwo, amma ba ta faɗa, don kada a ce ba ta da haƙuri. Wata kuma ta saba da durƙuso, tana tsoron a kwantar da ita a kan gado. Wata tana gudun a yi mata tsawa cikin Faransanci, ko a hana uwarta shiga, ko a zubar da mabiya, alhali mu binne ta muke yi. Waɗannan ba wauta ba ne. Mace ba ta komawa inda aka kunyata ta, ko da kyauta ne.

Don haka muna roƙon ma'aikatan lafiya na Dogondutsi da Tibiri: ku yi wa mace magana da Hausa, da murya mai taushi. Ku rufe mata jiki. Ku bar uwa ko ungozomar gari kusa da ita. Ku miƙa wa dangi mabiya.

Mu ma da namu laifin. Doguwar naƙuda tana kashe jariri, tana barin uwa da yoyon fitsari. Rubutu da jiƙo ba su buɗe ƙugun da ya yi wa kan jariri kaɗan, aiki ne kawai maganinsa. Kada rana ta fito sau biyu mace tana kan gwiwa.

Maigida, damina tana tsare ka a gona, ruwa kuma yana yanke hanya. Tun ciki yana wata 8 ka nemi mai amalanke, ka tanadi kuɗin mota, ka bar izini a gida: ko ba ka nan, a tafi da ita.