Awa Nawa Wasan Waya Yake Ci Maka a Mako?

In ka tambayi mai son gem tsawon lokacin da yake yi a kai, zai ce maka ɗan kaɗan ne. Ba ƙarya ya yi ba. Kintata ya yi, kuma wanda hankalinsa ya tattaru wuri ɗaya ba ya jin wucewar lokaci. Masu ƙera wasannin sun san haka. Zagaye ɗaya na Free Fire ko Ludo King ba ya daɗewa, kana gamawa ga maɓallin sake farawa a gabanka. Candy Crush kuwa rai biyar yake ba ka, wanda ya ƙare sai ya dawo bayan minti 30, domin ka riƙa leƙowa.

Saboda haka kada ka fara da alkawarin dainawa, fara da awo. A yawancin wayoyin Android, cikin saitin waya akwai Digital Wellbeing. A iPhone sunansa Screen Time. Zai nuna maka mintocin da kowace manhaja ta ci kowace rana. Ka yi kwana bakwai kana rubuta adadin a takarda, ba tare da ka canza kome ba. Sa'an nan ka yi lissafi: awa 2 kullum ita ce awa 14 a mako, awa 730 a shekara, wato wata guda cur, dare da rana.

Amma adadin kaɗai ba ya yanke hukunci. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, kuma ba yawan awoyi ta ɗauka ma'auni ba. Abin da ta duba shi ne mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon wata 12. Don haka a gefen kowane adadi ka rubuta abin da aka bari ranar: ɗiban ruwa, aikin makaranta, noman da aka ɗaga zuwa gobe, addu'ar iyali, barci. Awa ɗaya bayan an gama aiki hutu ce. Minti 20 da suka sa tuwo ya ƙone, ko yaro ya tsaya jira a ƙofar makaranta, sun yi yawa.

Daga nan sai a sa iyaka. Saitin nan guda yana ba ka damar ƙayyade wa wasa lokaci, in ya cika sai manhajar ta rufe. Sai dai mai wayar yana iya buɗewa da kansa, shi ya sa ya fi kyau ka nuna wa wani takardarka kowane ƙarshen mako. Iyaye ma su buɗe nasu adadin a gaban yara, gama yaro yana ganin awoyin da uba yake yi a Facebook.

Masu zuwa shagon PlayStation ba su da wannan ma'auni a waya. Su rubuta kuɗin da suka biya mai shago, tun da kowane wasa da farashinsa.