Daga Ɗakin Fiɗar Maza Zuwa Maganin Sankarar Mama

Kowane makiyayi ya san cewa idan aka fiɗiye bunsuru ya zama taure, warinsa kan ragu, rigimarsa ta kwanta, jikinsa kuma ya yi ƙiba. Wannan yana nuna cewa ƙaramar gaɓa guda tana iya aika saƙo ta cikin jini, ta sarrafa sassan jikin da ke nesa da ita. Sinadaran da ke ɗauke da irin wannan saƙo su ne masana ke kira homon. A kan wannan ilimi aka gina ɗaya daga cikin manyan hanyoyin yaƙi da cutar daji, kuma wani likitan fiɗa mai kula da mafitsarar maza yana cikin waɗanda suka share hanyar, har mata masu sankarar mama suka amfana.

Mafarin al'amarin

A shekarar 1895 wata mata mai shekara 33 ta je wurin George Beatson, likitan fiɗa a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan. An riga an yanke mata nono, amma cutar ta dawo. Beatson ya daɗe yana nazarin yadda dabbobi ke kawo nono, ya kuma yi zaton cewa ma'ajiyar ƙwan mace ce ke juya al'amuran mama. Sai ya cire wa matar ma'ajiyar ƙwai duka biyu. Cikin 'yan watanni ƙulluwan da ke ƙirjinta suka motse, ta ƙara rayuwa kusan shekara huɗu. Ya bayyana sakamakon a 1896.

Wasu likitoci suka bi sahunsa, amma sai aka lura cewa kimanin mace ɗaya cikin uku ce kawai ke samun sauƙi. Sauran sun sha wuyar fiɗa a banza. Ba wanda ya san dalili, domin a lokacin ba a ma gano homon ɗin mata da ake kira istirojin ba.

Likitan mafitsara da karnukansa

Charles Huggins ɗan asalin Kanada ne, likitan fiɗar hanyoyin fitsari a Jami'ar Shikago ta Amurka. Ya mai da hankali kan furostet, wata gaɓa mai girman ɗan goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda bututun fitsari ke ratsawa ta tsakiyarta. Da yake karnuka ma kan yi fama da kumburin wannan gaɓa idan sun tsufa, da su ya yi gwaje-gwajensa. Ya ga cewa idan aka fiɗiye kare, gaɓar kan ƙanƙance, idan kuma aka yi masa allurar testostiron, wato homon ɗin maza, sai ta sake girma.

A 1941 shi da ɗalibinsa Clarence Hodges suka nuna cewa haka abin yake ga maza masu dajin furostet da ya bazu zuwa ƙashi. Da aka cire musu 'ya'yan maraina, ko aka ba su istirojin, zogin ƙashi ya lafa wa da yawa daga cikinsu. Kafin nan ana ɗaukar ƙwayar daji tamkar ɗan tawayen da ba ya jin umurnin kowa. Huggins ya tabbatar da cewa wasu ƙwayoyin dajin suna dogara da homon, kuma idan aka yanke musu shi sai su raunana. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966. A yau allura da ƙwayoyin magani sun maye gurbin fiɗar a mafi yawan lokuta.

Makulli da kwaɗo

Huggins ya juya ga sankarar mama, ya ci karo da tsohuwar matsala: wasu mata suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Amsar ta fito daga ɗakin binciken da shi kansa ya kafa a Shikago. Wani masanin sinadarai mai suna Elwood Jensen ya saka wa istirojin alama ta hanyar nukiliya, ya yi wa ɓeraye allurarsa, ya bi sawunsa. A 1958 ya sanar da cewa mahaifa tana kama sinadarin ta riƙe, alhali tsoka ba ta riƙe shi.

Dalili shi ne, a cikin wasu ƙwayoyin halitta akwai wani furotin mai karɓar istirojin. Homon kamar makulli yake, furotin ɗin kuwa kwaɗo. Idan suka haɗu, sai su manne wa kundin gado da ke cibiyar ƙwayar, su umurce ta da ta rabu biyu. A 1971 Jensen ya nuna cewa dajin da ke da wannan kwaɗo shi ne ya fi jin magani idan aka yanke masa homon. Ta haka aka warware abin da ya gagari zamanin Beatson.

Daga nan magani ya samu. Tamoxifen, wanda aka amince da amfani da shi a Ingila a 1973, yana shiga kwaɗon ya toshe shi ba tare da ya buɗe ba. Ga matan da dajinsu ke da kwaɗon, shan sa na tsawon shekara 5 yana rage mace-macen cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga waɗanda dajinsu ba shi da kwaɗon kuwa, amfaninsa bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya shafi Afirka ta Yamma

Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta karanta likitanci a Ibadan kafin ta koma Jami'ar Shikago, ta jagoranci wani bincike da aka wallafa a 2009 kan mata 'yan Nijeriya da Senegal. An samu cewa da yawa daga cikin ƙulluwan ba su da kwaɗon istirojin. Wasu bincike na baya sun sami adadin masu kwaɗon ya fi haka, kuma an lura cewa idan tsokar da aka yanko ba ta sami adanawa mai kyau ba, kwaɗon kan lalace, gwaji ya nuna babu shi alhali akwai.

Saboda haka sankarar mama iri-iri ce, kuma sai an gwada tsokar a ɗakin bincike ake sanin maganin da ya dace. Macen da ta ji ƙullu a nononta, ko namijin da ya manyanta ya ga fitsari na yi masa gardama, ya kamata su garzaya asibiti da wuri. Yawancin irin waɗannan alamu ba daji ba ne, amma gwaji ne kaɗai ke bambancewa. Idan kuma an tabbatar da sankarar mama, haƙƙin maras lafiya da danginta ne su tambayi likita ko an duba kwaɗon istirojin kafin a fara magani.